Mai Faci da Injin Sa Barci

Yana da sunan yanka kamar kowa, amma duk layin babu mai kiransa da shi. Na-Sani ake ce masa, domin kafin ka rufe baki ya riga ya ce maka "na sani", ko da mafarkin da ka yi jiya kake ba shi labari. Sana'arsa faci. Rumfarsa tana bakin titi, tsakanin shagon tela da na mai aski, kuma abin da ke riƙe da rumfar, da tukunyar gidansa ma, wani jan kwamfuresa ne, injin ba taya iska, mai tari kamar tsohon mashayin taba. Marigayi surukinsa ne ya bar masa shi. Da zarar ya fara ƙugi da safe, matar Na-Sani daga cikin gida ta san yau za a ɗora girki.

A tsallaken titi akwai wani mai facin, Dogo, wanda ba shi da komai sai famfon ƙafa. Ya daɗe yana taka famfon nan har ƙafarsa ta dama ta fi ta hagu kauri, kuma kullum yana kallon jan kwamfuresa yadda mage ke kallon kifi a tasa.

Ana nan, sai wani ɗan gaye mai jakar hannu ya tsaya da tayar da ta sace. Dillalin kayan asibiti ne. Yana jiran faci yana waya, Na-Sani kuwa hannu a taya, kunne a wayar mutane. Da ya gama, Na-Sani ya ja shi da hira. Mutumin ya ce masa ai yanzu babu kasuwar da ke hawa kamar ta injinan sa barci lokacin tiyata da na taimakon numfashi: ƙananan asibitoci suna ta buɗewa, tsofaffi suna ƙaruwa, hayaƙin motoci ya cika ƙirjin jama'a, kowa iska yake nema. Har ya nuna masa wani zane a wayar, kibiya ta miƙe sama kamar za ta fasa gilashin ta fito.

"Na sani," in ji Na-Sani, wanda bai taɓa jin zancen ba tun da uwarsa ta haife shi.

Motar ba ta ɓace ba ya gama lissafinsa. Shi fa tun yana saurayi iska yake sayarwa. To mene ne bambancin taya da ƙirji? Duk abu ɗaya ne, a zuba iska, a hana ta fita. Wato dai likitoci sana'arsa suke yi, sun fi shi farar riga ne kawai. Nan take ya tuna da filin ɗan gwangwan, mai sayen tsofaffin ƙarafa, da ke bayan tasha, inda ya taɓa hango wasu kaya da aka kwaso daga wani asibiti da ya rufe. Ya ja ƙyauren rumfa, ya nufi can.

Da aka yaye tamfol, ga shi nan tsaye. Farin inji ne mai tsayin mutum, da ƙananan tayoyi a ƙasa, da durowoyi, da geji iri-iri, da tiyo masu zobe-zobe kamar maƙogwaron raƙumi, da wata baƙar jakar roba tana reto a gefe. Kusa da shi akwai kwali cike da takunkumin roba irin wanda ake kifa wa majinyaci a hanci. Ɗan gwangwan ya faɗi gaskiyarsa, ya ce shi da kilo ya saya, bai san ko abin yana aiki ba. Na-Sani ya ce ai aiki sai wanda ya san kan abu. Da aka zo maganar biya, aljihu ya yi shiru, sai ya ce a yi musaya da kwamfuresa.

Ɗan gwangwan ya daɗe yana sosa gemu. "Ni ba na so a ce na cuci mai iyali," in ji shi. "Ɗauki, ka kawo mini kwamfuresa. Zuwa yammacin Asabar, in ka ga ba ta yi ba, dawo mini da kayana yadda na ba ka, ko noti ɗaya kada ya yi ciwon kai, ka ɗauki abinka. In ka wuce haka, ko ka taɓa mini shi, to Dogo ya daɗe yana roƙona in samo masa irinsa."

"Ranar Asabar," in ji Na-Sani, "kai da Dogon za ku zo neman aikin gadi a kamfanina. Sai dai ɗaya zan ɗauka, ku shirya tsakaninku."

Da yake inji mai taya ne, ya ga babu dalilin ɗaukar mota. Ya manta titin nasu gangare ne. Da farko shi ke tura inji, can sai inji ya fara jansa, daga nan kuma kowa ya kama gabansa. Mutanen layi suka ga wani farin abu ya taho a guje yana kaɗa tiyo, mai faci na biye da shi da kwali a ka yana ba shi haƙuri. Ya goge teburin mai lemo, ya tarwatsa kaji, ya zo ya yi birki da kansa a ƙofar mai aski, daidai lokacin da aka aske wa wani bawan Allah rabin kai. Mutumin ya fita ta taga da tsumman aski a wuya.

Mai aski ya leƙo, aska a hannu, ya tambaya ko gawar wane firji ce wannan. Na-Sani, yana haki, ya ce masa wanda iliminsa bai wuce ƙeya ba ba zai gane ba, wannan injin sa barci ne na tiyata, kuma kasuwarsa tana hawa. Mai aski ya ce shi dai gangarowa ya ga tana yi.

A gida ma ba a yi masa guɗa ba. Matarsa ta zagaya injin, ta zagaya mijin, sannan ta tambayi inda kwamfuresan babanta yake. Ya ce ya tafi hutu. Ta ce shi wannan farin baƙon me yake ci, me yake haifa? Na-Sani ya karɓi ludayin hannunta ya zana mata kibiya a iska, daga gwiwarsa har saman ƙofa, ya kawo mata zancen tsofaffi da hayaƙi da ƙananan asibitoci, bai rage komai ba sai ƙari.

"To kibiyar za mu dafa yau, ko sai gobe?"

"Ke matsalarki ba ki da hangen nesa."

"Ina da na kusa, Baban yara. Ga tukunya can, babu komai a ciki." Ta jawo durowa ɗaya ta leƙa, ta ce ko ba komai an samu wurin ajiye cokula. Sannan ta gaya masa a hankali, ba tare da ɗaga murya ba, cewa in Asabar ta wuce kwamfuresa bai dawo ba, to ya nemi durowar da ta fi faɗi ya riƙa kwana a ciki, tunda injin barci ne.

Washegari ya turo injin rumfa, ya yi masa abin da yake yi wa duk wata roba da ta shigo hannunsa. Ya cika baho da ruwa, ya kwance tiyo ɗaya bayan ɗaya, ya toshe baki guda, ya hura ta ɗayan har idonsa ya yi ja, ya tsoma. Babu kumfa. Ya tsoma jakar robar, ita ma lafiya lau. Har ya fara jin haushi, domin mai faci bai yarda akwai abin da ba ya yoyo ba, sai dai wanda ba a bincika da kyau ba. Can sai idonsa ya faɗa kan wani maƙunni da ke saman jakar, mai ƙananan ramuka a ƙarƙashinsa. Ya shafa ruwan sabulu, ya hura, sai ga kumfa tana tashi.

"Ga ɓarawon," in ji shi.

Tela, da ya leƙo da zare a baki, ya ce anya ba masu ƙera abin ne suka yi ramukan da gangan ba? Ga su a jere, girmansu ɗaya, kamar na maɓalli. Na-Sani ya ce ƙusa ma rami mai kyau take yi, amma bai taɓa jin direban da ya gode mata ba. Ya goge wurin da samfefa, ya shafa sholisho, ya yanko tsohon tub, ya naɗe, ya matse, ya ƙara wani a kai don kada a ce ya yi rowa. Tela ya tuna masa an ce fa kada ya taɓa. Ya ce gyara ba taɓawa ba ne, ɗan gwangwan ma in yana da kunya sai ya kawo tukuici. Da ya duba kwalin takunkumi ya ga wasu su ma da 'yan ramuka a gefe, sai ya girgiza kai don tausayin majinyatan da aka yi ta yi wa asarar iska, ya bi su duka da faci.

Daga nan ya kafa allo: ANA SAYAR DA INJIN BARCI DA NA NUMFASHI, SARI DA ƊAI-ƊAI.

Kafin rana ta yi tsaka jama'a sun cika rumfa, sai dai babu mai saye a cikinsu. Wata tsohuwa ta ce janaretan maƙwabcinta ya hana ta runtsawa, a taimaka a ɗan shaƙa mata. Wata mai tagwaye ta ce ba ita za a sa wa ba, su za a sa wa, amma in akwai ragi ita ma tana so. Wani magidanci ya ja shi gefe ya tambaya a asirce ko ana kai injin gida, domin surukarsa ta zo ganin jika kuma ba ta ambaci ranar komawa ba. Na-Sani ya yi ta bayani cewa shi babban dila ne, da likitoci kawai yake hulɗa. Yana cikin wannan, motoci masu sacewar taya suna tsayawa, su leƙa, su ga babu kwamfuresa, su tsallaka wurin Dogo. Shi kuwa Dogo duk motar da ta tsallako sai ya ɗago hannu ya ce, "Sannu da kasuwa, maƙwabci."

Da ya ga likitoci ba su san hanyar rumfarsa ba, sai ya ce bari shi ya je musu. Farar riga ce matsala. Matarsa tana da ƙane mai aikin gashin burodi, wanda ke kwana a bakin tanda ya wuni yana gyangyaɗi, to rigarsa ya ara. Fara ce kam, amma duk sanda Na-Sani ya bugi ƙirji, kuma ba ya magana sai ya buga, sai fulawa ta tashi.

A asibitin farko mai gadi ya shinshina shi, ya nuna masa hanyar kicin. A na biyu ya samu shiga, ya tare wata ma'aikaciyar jinya ya yi ta zuba ba waƙafi har muryarsa ta shaƙe, ita kuma ta zaunar da shi ta auna jininsa, ta ce ya hau, ya rage gishiri da surutu. Ya fito yana cewa ai ya sani.

A na uku ne ya faɗa hannun wadda ta san shi. Wata likita ce mai ƙaramin asibitinta, wadda shekaru shi ke yi mata faci. Ta saurare shi tsakanin majinyaci da majinyaci, ta tambaye shi wa ya ƙera injin, yaushe rabon da masana su duba shi, ina takardunsa, wa zai gyara in ya tsaya ana tsakiyar tiyata. Kowace tambaya ya ce ya sani, amma bai faɗi abin da ya sani ɗin ba. Daga ƙarshe ta ce to, dama ranar Asabar za ta biyo ta rumfarsa, don tayarta ta baya tana rage iska, sai ta gani. Na-Sani ya ɗauki rabin maganar na farko ya sa a aljihu, ya bar mata ɗaya rabin a kan tebur. Kafin yamma duk layin ya ji cewa babbar likita za ta zo sayen inji, har tana roƙon kada a sayar wa wani.

Ana gobe Asabar ya ce bari ya gwada. Ya murɗa nan, ya danna can, jakar roba tana nan a lanƙwashe kamar kunnen akuya. Ya bi tiyo har bayan injin, sai ya gano ashe abin ba ya yin iska da kansa, daga waje ake ba shi. Shi kuwa abu ɗaya da ya mallaka mai ba da iska yana can filin ɗan gwangwan a ƙarƙashin tamfol.

Da wani ne ya ga haka, da ya tura kayan mutane ya mayar. Na-Sani titi ya tsallaka. Ya ce wa Dogo ya zo masa da alheri: in ya ɓuya a bayan labule ya taka famfo na ɗan lokaci, to aikin gadin nan nasa ne, ɗan gwangwan ya sha ƙasa. Dogo ya amince da saurin da ya kamata ya sa mai hankali ya tsaya ya yi tunani. Suka ɗaure bakin famfon da tiyon injin da igiyar roba, suka yi yarjejeniya: in labule ya motsa, Dogo ya fara takawa, in ya ji tari, ya tsaya.

Saura majinyaci. Ya samu ƙanin matarsa ya koya masa: zai kwanta a benci, in an kifa masa takunkumi ya lumshe ido kamar barci ya ɗauke shi, in an tafa hannu ya tashi ya ce bai ji zafin komai ba.

"Yaya, barci kam ba sai ka koya mini ba," in ji mai burodi yana hamma. "Tashin ne ban yi maka alkawari ba."

Ranar Asabar rumfa ta cika har bakin kwalta. Tela ya rufe shago, mai aski ya fito da kujerarsa, tsohuwa mai janareta ta zo da tabarma ko za a samu ragowa. Matar Na-Sani ta tsaya daga baya ta harɗe hannu. Ɗan gwangwan ma ya zo, ya ce hanya ce ta biyo da shi. Likita ta iso a motarta, tayar baya tana tafiya tana ɗingishi, ta fito tana neman wanda zai duba mata. Na-Sani ya tare ta da "ranki ya daɗe", ya zaunar da ita a kujerar mai aski, ya kwantar da mai burodi a benci, ya ɗauki takunkumi a hannu, ya shuri labule da dunduniya, sannan ya fara jawabi.

Ya yi maganar tsofaffi. Ya yi maganar hayaƙi. Ya ce nan da 'yan shekaru duk gidan da babu injin numfashi ba za a ba ɗansa aure ba. Ya zana kibiya da takunkumin har ya bugi kwanon rumfa. Yana shirin shiga zancen rassan da zai buɗe a ƙasashen waje, sai wani gurnani ya taso daga benci. Mai burodi ya yi nisa, baki a buɗe, hannu ɗaya yana jan ƙasa, takunkumi kuwa yana hannun Na-Sani bai ko kusanci hancinsa ba.

"Lallai injin nan da ƙarfi yake," in ji mai aski. "Daga nesa ma kamawa yake yi."

"Sabon samfuri ne," in ji Na-Sani ba tare da ƙifta ido ba. "Kallonsa kawai ake yi."

Tsohuwa ta gyara zama ta ƙura wa injin ido.

Likita ba ta yi dariya ba. Ta tashi ta karɓe takunkumin, ta ce wannan abin ba zai hau fuskar kowa ba tana wurin. Ta leƙa inda ake zuba maganin barcin, ta tarar da gizo-gizo ya yi gida har ya tara iyali. Sannan ta yi abin da suke yi kowace safiya kafin tiyata: ta cusa bakin tiyon a wani ɗan turke da ke jikin injin don ya toshe, ta murɗa maƙunnin nan na saman jaka ba tare da ta duba ƙarƙashinsa ba, yadda in iska ta yi yawa za ta samu hanyar fita. Daga nan hankalinta ya koma kan wanda ke kwance. Ta kama hannunsa, ta buɗe idonsa, ta girgiza shi, ko gezau. Ta juyo ta tsare Na-Sani da tambayar me ya ba wa bawan Allahn nan ya sha. Ya rantse babu komai. Ta ce mutum ba ya irin wannan barci a banza. Matar Na-Sani daga baya ta ce ranki ya daɗe, gadon gidansu ne.

Duk wannan abin da ake yi, Dogo yana bayan labule yana aikinsa.

Na-Sani ne ya fara lura. Jakar da ta kasance kamar kunnen akuya ta zama kamar gwanda. Ya ji daɗi, ya nuna wa jama'a da haɓa. Da ya sake waiwayawa ta zama kankana. Ya yi ɗan tari. Munsharin mai burodi ya haɗiye tarin. Ya matsa ya tsaya a gaban jakar ya buɗe farar riga don ya kare ta, ya sake yin tari mai ƙarfi. Har yau ana gardama a layin ko Dogo ya ji ko bai ji ba. Shi dai ya ce kunnensa na wannan gefen dama ba shi da kyau.

Jaka ta leƙo ta gefen dama na Na-Sani, ta leƙo ta hagu. Na gaba suka fara ja da baya, na baya suna turowa don su gani. Na-Sani ya yi ta tari, na gaske da na ƙarya, har ya durƙusa. Likita, wadda ta ba injin baya tana ƙirga bugun jinin mai burodi, ta ce masa wannan tarin nasa ba na wasa ba ne, ya zo asibiti a duba shi. Sai da ta ga inuwa ta rufe bencin sannan ta waiwaya. Baƙar jaka ta kai girman tunkiya mai ciki, tana sheƙi, tana wani ɗan kuka siriri.

"Ta ina iskar take fita?" in ji ta.

Ko a wannan hali sai da Na-Sani ya miƙe ya gyara riga. "Ba ta fita, ranki ya daɗe. Da tana yoyo, na yi mata faci. Biyu ma na sa."

Likita ta kai hannu za ta zare tiyon. Ba ta kai ba.

Ƙarar da aka ji, direbobin da ke tasha sun ɗauka tayar tirela ce. Kaji suka tashi sama, tela ya tsinci kansa a cikin bahon ruwa, gilashin geji ɗaya ya yi tsalle ya faɗa kwata, fulawar da ta rage a farar riga ta tashi gaba ɗaya ta rufe mai rigar. Labule ya faɗo, sai ga Dogo a fili, gumi sharkaf, riƙe da ƙugu, yana ta taka famfo bilhaƙƙi. Ya dubi jama'a, ya ƙara taki ɗaya, ya tambaya ko an yi tarin ne.

Can sai mai burodi ya tashi zaune, ya murje ido, ya ce, "Ban ji zafin komai ba." Ya koma ya kwanta.

Mai aski sai da aka riƙe shi don dariya. Tsohuwa ta naɗe tabarmarta ta ce gara janareta, shi aƙalla ba ya yi wa mutum ba-zata.

Likita ta kakkaɓe fulawa daga hannunta, ta duƙa ta kalli facin, ta yaba da kyan aikin, ta ce ko shekara goma zai yi bai ɗaga ba. "Amma Malam, taya ake hana wa fitar da iska. Mutum in ya shaƙa sai ya fitar. Ka gode wa Allah jaka ce." Sannan ta dubi taron ta tambaya ko a cikin masu facin nan biyu akwai wanda zai duba mata taya, don ita abin da ya kawo ta ke nan. Dogo ya kwance famfonsa ya bi ta.

Na-Sani ya shiga tsintar gutsattsarin roba, yana cewa ɗan gwangwan kada ya damu, wannan ƙaramin aiki ne, kafin yamma zai haɗa jakar ta fi sabuwa, dama ta tsufa. Ɗan gwangwan ya ciro wani guntu daga kan hularsa ya miƙa masa, ya ce ga wannan kada ya rasa na gamawa. Ya shafa facin da yatsa, ya leƙa gejin da babu gilashi, ya ce shi noti ya ce kada ya yi ciwon kai, wannan kuwa har jana'iza an yi. Ya tsallaka titi ya tsaya kusa da Dogo, suka fara magana ƙasa-ƙasa. Matar Na-Sani ta matso kusa da benci. Ta tashi ƙanenta da mari ɗaya, abin da likita da fashewar jaka suka kasa yi da kyau, ta tasa shi gaba suka wuce.

Ranar Litinin da safe jan kwamfuresa ya yi tari a tsallaken titi. Dogo, da yake mutum ne mai zumunci, ya aiko wa maƙwabcinsa da famfon ƙafa kyauta, ya ce a gaya masa ƙafar dama ake fara takawa da ita, in ta gaji a ci gaba da ita.

Motar farko da ta tsaya a rumfar Na-Sani babbar motar yashi ce, don layin Dogo ya yi tsawo. Ya yi facin cikin ƙwarewa, wannan kam ba a raina shi. Sannan ya hau famfo. Ya taka, ya taka, rana ta ɗago, taya tana kwance kamar ba da ita ake ba. Ya cire riga. Ya canja ƙafa. Harshensa ya fito, ƙirjinsa yana sama yana ƙasa kamar zugazugin maƙeri, numfashinsa har shagon tela ana ji.

Mai aski ya leƙo ya ce, "Babban dila, yaya kasuwar numfashi?"

Na-Sani ya rungumi tayar, ya ɗaga yatsa ɗaya alamar a jira shi. Sai da ya ja iska ya sake, ya ja ya sake, sannan magana ta samu hanya.

"Me na... gaya muku?" in ji shi. "Ko sati... ba a yi ba... ga mai buƙata... ya ƙaru."